Tsakanin Gwaji da Ƙwayar Farko: Dalilan Jinkirin Fara Shan Maganin HIV a Ƙasashe Masu Ƙaramin Ƙarfi

Ƙwayar cutar HIV ba ta gaggawa. Idan ta shiga jikin mutum, takan saukar masa da zazzaɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro ko 'yan ƙuraje a cikin mako biyu zuwa huɗu na farko, abin da kowa zai ɗauka maleriya ce ko mura, sannan ta lafa. Daga nan sai shekaru su yi ta tafiya, galibi takwas zuwa goma, mutum yana noma, yana cin kasuwa, ana yi masa haihuwa, ba inda ke masa ciwo. A cikin wannan shiru ne cutar take ɓarnarta. Tana kutsawa cikin wasu ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda su ne ke tsara yadda garkuwar jiki za ta tunkari kowace cuta, ta hayayyafa a cikinsu, ta kashe su. Awon jinin lafiyayyen baligi yakan nuna adadin waɗannan ƙwayoyi tsakanin 500 zuwa 1,500. Idan adadin ya faɗi ƙasa da 200, likitoci sukan ce cutar ta yi nisa, kuma a nan ne tarin fuka, sanƙarau, gudawar da ba ta tsayawa da rama suke samun ƙofa. Aikinta irin na gara ne a jikin azara: daga waje rufin ɗaki yana nan daram, sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a gane cewa cikin ya daɗe da zama gari.

Maganin da ake da shi yanzu ba ya fitar da cutar daga jiki, amma yana hana ta hayayyafa. Ƙwaya ɗaya ce a rana. Wanda ya riƙe ta da kyau, cikin wata shida ko ƙasa da haka ƙwayar cutar takan ragu a jininsa har na'urar gwaji ta kasa ganinta, garkuwarsa ta farfaɗo, ya yi tsawon rai kusan daidai da na kowa. A shekarar 2011 wani babban bincike a kan ma'auratan da ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita ya nuna cewa fara magani da wuri ya rage yaɗuwarta a tsakaninsu da kashi 96 cikin 100. A 2015 kuma bincike biyu, ɗaya a Abijan ta ƙasar Kwaddebuwa, ɗayan a ƙasashe 35, suka tabbatar da cewa ko wanda garkuwarsa ke da sauran ƙarfi, idan ya fara magani nan take ya fi wanda ya jira tsira daga munanan cututtuka, musamman tarin fuka. A kan wannan hujja ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a watan Satumbar 2015 a ba kowane mai cutar magani ba tare da duba adadin CD4 ɗinsa ba. A 2017 ta ƙara da cewa a fara cikin kwana bakwai da tabbatar da cutar, wanda ya shirya ma a ba shi a ranar.

Duk da haka jinkiri bai gushe ba. Ƙididdigar hukumar UNAIDS ta shekarar 2023 ta nuna mutum miliyan 39.9 ne ke ɗauke da cutar a duniya, miliyan 30.7 daga cikinsu suna kan magani, kuma mutum dubu 630 suka rasu a wannan shekara sakamakon cututtukan da ke biyo bayanta. Fiye da mutum miliyan 9 ke nan ba sa shan abin da zai raya su. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kusan ɗaya cikin uku na masu fara magani sai cutar ta yi nisa suke zuwa. Jinkirin nan a wurare uku yake faruwa. Akwai wanda bai yi gwaji ba, bai san halin da yake ciki ba. Akwai wanda aka gwada, aka faɗa masa, aka ba shi takarda ya kai asibiti, ya ninke ta ya sa a aljihu. Akwai kuma wanda ya je asibitin, aka buɗe masa kati, amma bai haɗiyi ƙwayar farko ba. Na biyu da na uku sun fi ɗaure kai, domin sun sani, maganin kyauta ne, amma suna jira.

Kafin a ɗora wa majiyyaci laifi, ya kamata a tuna cewa tsarin kiwon lafiya ne ya fara koya wa mutane jira. Lokacin da aka bayyana nasarar haɗa magunguna uku a babban taron birnin Bankuba na ƙasar Kanada a 1996, kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya haura dala dubu 10, abin da talakan Afirka ba ya ma mafarkinsa. Sai a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da irinsa a kan dala 350 a shekara, aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, gwamnatin Amurka ta ƙaddamar da shirin PEPFAR a 2003. Nijeriya ta fara nata shirin a 2002 a cibiyoyi 25, da niyyar kula da manya dubu 10 da yara dubu 5, majiyyaci yana biyan naira dubu a wata, kafin a mayar da shi kyauta a 2006. Saboda maganin ya yi kaɗan, kuma na wancan zamani yana da illa, sai aka sa ƙa'ida: ba a ba mutum sai CD4 ɗinsa ya faɗi ƙasa da 200. A 2010 aka ɗaga zuwa 350, a 2013 zuwa 500. Fiye da shekara goma ma'aikatan asibiti suna ce wa mutane, “Jikinka da sauran ƙarfi, ka je ka dawo bayan wata shida a sake awo.” Da yawa ba su dawo ba sai a kwance. Nijeriya ta karɓi tsarin ba kowa magani a 2016, amma abin da aka daɗe ana faɗa ba ya goguwa da takardar umarni guda. Har yau a unguwanni akwai masu riƙe da fahimtar cewa wannan magani na wanda ya kwanta ne.

Wannan fahimta ta haɗu da abin da mutum yake ji a jikinsa. A wani bincike da aka buga a 2011 daga Soweto ta Afirka ta Kudu, ɗaya cikin biyar na waɗanda suka cancanci magani sun ƙi karɓa, kuma dalilin da suka fi bayarwa shi ne suna jin kansu lafiya lau. Haka maganar take a ko'ina: “Ni lafiyata ƙalau, ina cin abinci, ina aikina, maganin me zan sha?” A al'adar mutane da yawa, har da ƙasar Hausa, ciwo shi ne abin da ya kayar da mutum, magani kuma abu ne da ake sha a warke a daina. Maganin da ake sha ba a jin ciwo, kuma ba ranar dainawa, baƙon abu ne, kuma irin wannan matsala ce ake samu da masu hawan jini da ciwon suga. Ga kuma tsoron da ake yawan furtawa: “An ce in ka fara ba ka dainawa.” Gaskiya ne, kuma ma'aikatan lafiya sun yi ta nanata shi da kyakkyawar niyya, har da gargaɗin cewa wasa da maganin yana sa cutar ta bijire masa. Sai mai hankali ya yi lissafi: tunda dainawa haɗari ce, gara kada ya fara sai ya tabbata zai iya ɗorewa, sai ya samu aiki, sai ya koma gida daga ci-rani, sai an gama bikin ƙanwarsa. Jinkirin irin wannan mutum daga ɗaukar abin da muhimmanci ya taso.

Babban dalilin da ya fi kowane nauyi shi ne tsoron tonon asiri. Sakamakon gwaji magana ce da za a iya binnewa a ciki, an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Magani kuwa abu ne da ake gani. Kwalba ce ta roba mai rubutu a jiki, ƙwayoyin cikinta suna ƙara idan an motsa jaka, kuma sai an samar mata maɓoya a ɗakin da mutum biyar ko shida ke kwana. Shi ya sa ma'aikatan asibiti suka saba ganin majiyyaci ya karɓi maganinsa, kafin ya fita ƙofa ya ɓare takardar jikin kwalbar, ko ya juye ƙwayoyin a leda ya ƙulle, ko ya tura auduga a ciki don kada su yi motsi. Sannan ga zuwa karɓa. A asibitoci da yawa sashen masu wannan cuta a keɓe yake, da ƙofarsa, da ranarsa, da launin katinsa, ta yadda duk wanda aka gani a kan wannan benci an gama karanta shi. Mutum yakan bar asibitin unguwarsu ya hau mota zuwa wani gari don kada ya haɗu da maƙwabci a layi, ko da ɗan ƙanwar matarsa da ke aiki a ɗakin kati. Nesa kuwa kuɗi ne, don haka tsoron idon jama'a yakan rikiɗe ya zama matsalar kuɗin mota.

Tsoron nan yana da tushe. An ga waɗanda aka ware wa kwano da kofi, waɗanda aka daina sayen abincin sayarwarsu, waɗanda aka sallama daga aiki, waɗanda aka fasa aurensu. Nijeriya ta yi dokar hana nuna wa masu cutar wariya a 2014, amma doka ba ta shiga tsakar gida, kuma wanda zai kai ƙara sai ya fara bayyana abin da yake ɓoyewa. Abin da ya sa tsangwamar ta yi tsanani shi ne danganta cutar da zina kaɗai, alhali ana ɗaukar ta a gadon aure na sunna, a wurin haihuwa da shayarwa, ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, da allura ko askar da aka yi amfani da ita a jikin wani. A inda cutar ba ta da yawa ma abin ya fi muni. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, kimanin mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi ƙarancinta. Ƙarancin alheri ne, sai dai yana nufin mai cutar a Katsina ko Jigawa zai iya rayuwa bai taɓa ganin wani da ya fito fili yana shan magani yana cikin ƙoshin lafiya ba. Abin da ya sani kawai shi ne waɗanda suka rame suka mutu.

Ga mace, lissafin ya fi tsauri. Mata ne suka fi yin gwaji, saboda ana yi musu a wurin awon ciki, don haka sau da yawa matar ce ke fara sani a gida, ko da ba ita ta shigo da cutar ba. Wanda ya fara sani kuwa shi ake tuhuma. Mace ta fito awo da safe ba ta tsammanin komai, a kira ta wani ɗaki a faɗa mata, a miƙa mata kwalba a ce ta fara yau saboda abin da ke cikinta, a kuma ce ta turo maigida. A hanyar komawa gida tana tunanin saki, da gorin kishiya, da inda za ta kai 'ya'yanta, da abin da za ta ce wa iyayenta. Idan ba ta fita sai da izini, kuma kuɗin mota daga hannunsa yake fitowa, kowane zuwa asibiti sai ta nemo masa dalili. Amsar da ma'aikatan jinya suka fi ji ita ce, “Sai na yi shawara da maigida,” kuma shawarar takan ɗauki watanni ba a yi ta ba. Ƙasar Malawi ce ta fara, a 2011, ba kowace mai ciki da ke da cutar magani na har abada, tsarin da ya ceci jarirai masu yawa, duniya ta kwaikwaya. Amma a can ma an lura cewa matan da aka ba kwalba a ranar da aka faɗa musu sun fi saurin ɓacewa bayan zuwan farko. Karɓar magani daban, shansa daban.

Maza kuwa ba sa zuwa ma. A 2023, kashi 83 cikin 100 na mata masu cutar suna kan magani, maza kashi 72. Namiji ba shi da wata ƙofa irin ta awon ciki da za ta kai shi asibiti yana lafiya, kuma an tashe shi a kan cewa jarumta ita ce daurewa. Lebura, ɗan acaɓa, direban babbar mota da mai tura baro duk abin da suka samo a yini shi za a ci da dare, don haka yini guda a layin asibiti yana nufin tukunya ba ta hau wuta ba. Idan jiki ya fara nauyi sai a tsaya a kemis a sayi maganin taifot da na maleriya, a sake saye, a sha na basir, har wata shida ko shekara. Mai yawon ci-rani ga shi da wata matsalar: katinsa yana gari ɗaya, shi yana wani. Wannan ne ya sa maza suka fi zuwa da cutar ta yi nisa, suka kuma fi mutuwa a watannin farko na magani.

Cewa magani kyauta ne gaskiya ce da ba ta cika ba. Ƙwayar kyauta ce, amma a wurare da yawa akwai kuɗin kati, kuɗin wasu gwaje-gwajen jini, hoton ƙirji, da maganin cututtukan da suka riga suka kama mutum. Ga kuɗin mota zuwa da dawowa, wanda ya ninka a Nijeriya bayan cire tallafin man fetur a 2023. Sai yunwa. An daɗe ana ce wa majiyyata maganin yana da ƙarfi, yana son abinci mai kyau, kuma da gaske idan jiki ya fara farfaɗowa cin abinci yakan buɗe. Mutumin da gidansa sau ɗaya ake ɗora tukunya yana jin wannan nasiha a matsayin sharaɗin da ba zai iya cikawa ba. Bincike a Uganda da Kenya ya sha nuna alaƙa tsakanin ƙarancin abinci da rashin riƙe magani. Abin da ya kamata a riƙa faɗa a fili shi ne, ƙwayar da ake bayarwa yanzu ana iya shanta da abinci ko babu, kuma rashin shanta ya fi shanta da yunwa haɗari nesa ba kusa ba. Haka batun azumi: tunda sau ɗaya ce a rana, ana iya mayar da lokacinta bayan buɗa-baki ko sahur, da shawarar ma'aikacin lafiya.

Shi kansa asibiti yana korar mutane ta hanyoyin da masu aiki a cikinsa ba sa lura. A tsohon tsari, kafin a ba mutum ƙwayar farko sai ya zo an ɗebi jini, ya dawo karɓar sakamako, ya halarci zaman wayar da kai sau biyu ko uku, wani wurin ma a ce sai ya zo da wanda zai riƙa tuna masa shan magani, wato sai ya tona wa kansa asiri kafin a taimake shi. Kowane zuwa rami ne da wasu ke faɗawa. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike daga ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya ƙiyasta cewa waɗanda suke ɗorewa daga ranar gwaji har ranar fara magani ba su kai ɗaya cikin uku ba. A ƙara da ƙarancin ma'aikata, da na'urar da ta lalace, da ranar da za a ce magani ya yanke a dawo mako mai zuwa, da tsawa ko kallon raini daga ma'aikacin da ya gaji. Mutumin da ya tattaro duk ƙarfin zuciyarsa ya zo, kalma ɗaya mai ɗaci ta isa ta mayar da shi gida shekara guda.

Akwai kuma tabon da tsofaffin magunguna suka bari. Sitabudin yana zuƙe kitsen kumatu da na gaɓoɓi har fuskar mutum ta tona shi, yana kuma sa ƙafafu zugi da dindiris, shi ya sa aka janye shi. Nebirafin yana iya fesar da ƙuraje masu haɗari. Ifabirenz yana sa jiri da munanan mafarkai a makonnin farko. Kuma a zamanin da sai mutum ya galabaita ake ba shi magani, da yawa sun rasu jim kaɗan da farawa, sai dangi suka ce maganin ne ya ƙarasa su, alhali latti ne. Haɗin da ake bayarwa yanzu, wanda ake kira TLD, mai ɗauke da dolutegirabir, ya fi sauƙi a jiki, ya fi saurin danne cutar, kuma cutar ba ta saurin bijire masa. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi ga kowa, har da masu ciki. Labarin tsohon magani dai ya riga na sabon isa ƙauye.

Wanda aka ce wa ciwonsa ba ya warkewa, duk wanda ya yi masa alkawarin waraka zai saurare shi. Masu wannan alkawari kuwa ba su taɓa ƙaranci ba, daga mai lasifika a bakin kasuwa har fadar shugaban ƙasa. A Janairun 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya shelanta cewa yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyaye, aka sa waɗanda suka shiga shirinsa suka ajiye maganin asibiti, wasunsu suka mutu, wasu daga cikin waɗanda suka tsira suka kai shi ƙara a 2018. A 2011 dubban mutane suka yi ta tururuwa zuwa ƙauyen Samunge da ke yankin Loliyondo a Tanzaniya don shan kofi guda na jiƙon wani tsohon fasto. A Afirka ta Kudu, gwamnatin Thabo Mbeki ta yi shekaru tana shakkar cewa HIV ce ke haddasa ƙanjamau, ministar lafiyarsa tana tallar tafarnuwa da lemon tsami, kuma masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa jan ƙafar ya ci rayuka fiye da dubu 330 tsakanin 2000 da 2005. A matakin gida, rama da ciwon da ya ƙi jin magani akan fassara su da sammu ko jifa, kuma wannan fassara tana da daɗin karɓa, domin wanda aka yi wa sammu abin tausayi ne, ba a zarginsa da komai. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, malaman Musulunci da na Kirista da yawa suna faɗar haka a kan mumbari. Ɓarnar tana zuwa ne daga wanda ya ce a zaɓi ɗaya, ko ya ce wa mutum ya warke ya zubar da kwalbarsa. Sakamakon da ya nuna ba a ga ƙwayar cuta a jini ba shaida ce ta aikin magani, kuma idan aka daina sha cutar takan dawo cikin 'yan makonni.

Yara su ne suka fi cutuwa da jinkiri, kuma ba su ke yanke shawara ba. Jaririn da ya kamu, idan ba a ba shi magani ba, kusan rabin irinsa ba sa kai shekara biyu. Gwajinsa ba irin na manya ba ne: ana ɗiga jinin diddigensa a kan takarda yana da mako shida, a aika babban ɗakin gwaji, sakamakon ya yi makonni ko watanni a hanya, wani lokaci ya iso uwar ta riga ta ɓace. A 2023 kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara masu cutar ke kan magani. Matasa kuma suna cin karo da sharaɗin amincewar iyaye kafin gwaji a ƙasashe da dama. Mata masu zaman kansu, masu yi wa kansu allurar ƙwaya da maza masu neman maza suna gudun asibiti don tsoron kamu da wulaƙanci, kuma ko mene ne hukuncin al'umma a kan halayensu, cutar da ba a danne a jikinsu ba tana ƙarewa ne a gidajen aure. A yankunan rikici, irin Arewa maso Gabashin Nijeriya da dazukan Zamfara, inda asibitoci suka rufe mutane suka watse, tambayar ma ba ta jinkiri ba ce, ta hanyar isa ce.

Akwai jinkirin da likita ke yi da gangan, kuma daidai ne. Wanda aka samu da sanƙarau na ƙwayar kiriftokokas, wata irin funfuna da ke kama ƙwaƙwalwa, sai an yi mako huɗu zuwa shida ana maganinsa kafin a fara na HIV, domin garkuwar da ta farka da sauri tana iya kumbura ƙwaƙwalwa ta kashe shi. Haka ake dakatawa ga mai tarin fukan da ya hau ƙwaƙwalwa. Mai tarin fuka na huhu kuwa ana fara masa maganin tarin, a bi da na HIV cikin mako biyu. Ban da irin waɗannan, babu wata fa'idar jira da aka sani.

Abubuwan da suka rage jinkiri a aikace duk suna rage wa majiyyaci abin da zai biya ne, na kuɗi, na lokaci ko na mutunci. A Afirka ta Kudu, da aka matse duk matakan farko suka koma zuwa ɗaya, kashi 97 cikin 100 sun fara magani cikin wata uku, a tsohon tsari kuwa kashi 72. An ga irin wannan a Haiti, da kuma ƙauyukan Lesoto inda aka gwada mutane a gida aka miƙa musu maganin wata guda nan take. Ba wa ma'aikatan jinya ikon fara magani, maimakon jiran likita, ya kawo shi ƙananan asibitocin karkara. A lardin Tete na Mozambik, tun 2008 majiyyata suke haɗuwa su shida, kowane wata ɗaya ya je ya karɓo wa sauran. Yanzu ana ba wanda ya daidaita maganin wata uku zuwa shida a zuwa ɗaya, wasu kuma suna karɓa a kantin magani na unguwa. Abin da ya fi tasiri a kan tsoro shi ne zama da wanda ya riga ya bi hanyar: uwa mai cutar da ta haifi 'ya'ya lafiyayyu tana gamsar da mai ciki fiye da kowace lacca. Gwajin kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024, yana gano mutane da wuri, amma amfaninsa ya dogara ga riƙon sirri da kuma raka wanda aka samu da cutar har ɗakin magani.

Duk wannan tsari a kan kuɗin waje ya fi tsayawa. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, cibiyoyi sun rufe a ƙasashe da dama, kuma waɗanda aka fara sallama su ne masu ba da shawara da masu bin sawun majiyyata gida-gida, wato mutanen da aikinsu shi ne cike tazarar da ke tsakanin gwaji da ƙwayar farko. Irin wannan girgiza tana ƙarfafa mai cewa ba zai fara abin da zai yanke masa ba.

Saura waɗanda suka riga suka makara. Kaso mai yawa na masu zuwa da cutar ta yi nisa a yau ba sababbi ba ne, mutane ne da suka taɓa farawa suka daina, suka ji nauyin komawa don gudun faɗa, wasu har sukan je wani asibitin su sake gwaji kamar ba su taɓa sani ba. Ga su da duk wanda CD4 ɗinsa ya gaza 200, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara kulawa ta musamman tun 2017: gwajin tarin fuka har da na fitsari, gwajin jini na kiriftokokas, maganin kotirimokzazol don kare jiki daga wasu cututtuka, maganin rigakafin tarin fuka, fara maganin HIV da sauri, da bibiya ta kusa a watannin farko. Matakin farko na wannan kulawa shi ne awon CD4, wanda aka rage yi a wurare da yawa tun da ya daina zama sharaɗin fara magani. Kusan rabin waɗanda cutarsu ta yi nisa ba sa nuna wata alama a ranar da suka zo, don haka inda babu wannan awo, ana sallamarsu da kwalba irin ta kowa ba tare da ƙarin kariyar da suke buƙata ba.